Sukuddireba ta ja ni alhali na kashe wuta, wace iri zan saya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, amma a unguwarmu Agege har talabijin da inbata maƙwabta ke kawo mini. Jiya na zare wata talabijin daga soket, na buɗe bayanta, ina sa sukuddireba sai na ji shokin har kafaɗa. Abin da ya ɗaure mini kai, an rubuta ESD a jikinta, kuma wanda ya sayar mini ya ce ta kariya ce. Jabu aka ba ni ko kuwa?

Tsohon hannu daga kasuwar Alaba: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ƙanena. Ba lallai jabu ba ce, wurin da ba nata ba ka kai ta. Mai ESD na'urar take karewa, ba kai ba. Da gangan aka yi mariƙinta yana zurarar da cajin da ke taruwa a jikin mutum a hankali, don kada ya ƙona ƙananan kayan da ke kan allon waya. To ka ga wadda aka yi don caji ya bi ta cikinta ba za ta tare maka wuta ba.

Ta aikin wuta daban take. Ka nemi wadda aka buga wa 1000V da IEC 60900, da alamar dala biyu haɗe da juna. Robarta kan sauko har kusa da baki, kuma da volt 10,000 ake gwada ta a masana'anta. Na kamfanonin Wera da Wiha suna da tsada, ni dai guda biyu na saya na haƙura.

Wanda ya ja ka kuwa kafasita ne, wato abin da ke ajiye caji a cikin talabijin. Wutarmu volt 230 ce, babban kafasitan yakan riƙe sama da 300 ko bayan ka zare filogi. Ka sauke shi da resisto, ka auna da mita, sannan ka taɓa.

Mai haɗa sola a Idi-Araba: Oga ya gama magana. Ƙari ɗaya: batirin inbata. Volt 12 ba zai ja ka ba, amma ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, tartsatsin sai ya narkar da bakin. Kuma don Allah a daina naɗa baƙin salatif a ce an yi kariya.

Abokin sana'a a Ikeja: Kada ka yar da ta ESD ɗin, ita ce ta waya. iPhone na son sukuddireba mai bakin pentalobe P2 a ƙasa, da mai bakin Y000 a ciki daga iPhone 7 zuwa sama. Wajen ɗaga batir kuma roba za ka sa, ƙarfe na huda shi ya kama wuta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Testa mai ƙwan nan fa, Oga?

Tsohon hannu daga Alaba: Ta duba wuta ce, ba ta ɗaure noti ba, kuma a rana ƙwanta ba ya ganuwa sosai. Mita ta fi ta. Ranar Asabar ka shigo Alaba, sai mu zaga tare ka duba robar da idonka. Wadda ta tsage ko kaɗan, bar musu kayansu.