Neman shawara: kwana 4 a Chamonix, ga allon zamiyata ga alkawarin da na yi wa iyali

Baban Walid, Grenoble:

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da tsawon bayanin, domin idan ban faro daga tushe ba, ba za a gane inda gizo ke saƙar ba.

Shekara 3 ke nan ina karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa. A hunturun farko ban ko kusanci dutse ba, daga ɗakina sai ɗakin gwaje-gwaje, har wani abokin karatuna ya matsa mini muka hau bas zuwa Chamrousse, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 30 daga gari ba, inda aka yi tseren gangara na gasar Olamfik ta 1968. A ranar na yi hayar allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, na sha faɗuwa har sai da na kwana 2 ba na iya zama a kujera, amma abin ya shiga raina. Bara sai na ƙudura mallakar nawa. Na shafe wata guda ina bin tallan kayan hannu, na je gidan mutum 3. Na farko allonsa ya tsage ta gefe, na biyu ya ƙi sassauta kuɗi, sai na uku, wani dattijo da ciwon gwiwa ya raba shi da dutse, ya sallama mini nasa a kan Yuro 180 har da maɗauran ƙafa, ya kuma ba ni shayi muka yi hira mai tsawo. Allo ne baƙi mai tauri, tsawonsa santimita 163, kuma ba zan ɓoye muku ba, kyansa ne ya fara jan hankalina. Ƙafar dama nake sa wa a gaba, wato abin da masu wasan ke kira gufi, maɗauran kuma na bar su yadda dattijon ya ɗaura su, duka biyu suna kallon gaba, na ƙafar gaba a kusurwar digiri 21, na ƙafar baya a digiri 6.

Abokan hawana duk 'yan tsalle-tsalle ne, ƙafafunsu a ware irin na agwagwa, kuma kullum tsiyar da suke yi mini ita ce ina zamiya irin ta tsofaffi. Ni kuwa burina shi ne in kwantar da allo a kan kaifinsa, in yanka dusar da doguwar lanƙwasa cikin natsuwa. Ban da wannan, na sa wani tela a Kano ya ɗinka mini rigar shadda mai aiki a wuya, tsawonta har gwiwa, wadda zan ɗora a kan rigar sanyi tare da hula zanna, domin duk wanda ya ga hotona ya san Bahaushe ne a kan dutsen.

To, na kama ɗaki na kwana 4 a Chamonix, garin wasan zamiya da ke gindin dutsen Mont Blanc, a tsakiyar Fabrairu. Maiɗakina ta iso daga gida da yaronmu wata 5 da suka wuce, ba ta taɓa fita daga Grenoble ba, kuma na yi mata alkawarin yawon buɗe ido. Abokaina kuma sun ce za su same ni a can mu sauko ta Vallée Blanche. Shin in sauya tsayuwata in bi salonsu, ko in tsaya a kan nawa? Rigar za ta yiwu? Kuma yaya zan raba kwanakin nan ba tare da na shiga haƙƙin kowa ba?

Injiniya, Innsbruck:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu labarin shayin dattijo, amma ba ka gaya mana tsawonka ba, ba ka gaya mana nauyinka ba, ba ka kuma faɗi launin gangaren da kake iya sauka ba, kore ne, shuɗi ne, ja ne ko baƙi, wato daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Duk da haka zan amsa maka, domin shekara 11 ke nan ina wannan harka.

Maganar Vallée Blanche ka cire ta daga ranka. Ba gangare ba ne da injin ya share aka kafa masa alamomi. Hanya ce ta kusan kilomita 20 a kan kogin ƙanƙara, tana farawa daga Aiguille du Midi mai tsawon mita 3,842, kuma kafin ka ɗaura allo sai ka sauko a ƙafa ta wani siririn doron dutse kana riƙe da igiya. A ƙarƙashin dusar akwai ramuka masu zurfi da ido ba ya gani, shi ya sa masu hankali suke ɗaukar jagora. Can ƙasa kuma akwai shimfiɗaɗɗen wuri, inda mai zamiya da sanduna a hannu yake tura kansa ya wuce, mai allo kuwa ya tsaya cak, kuma cire ƙafa daga allo a kan kogin ƙanƙara shi ne babban ganganci.

Allonka ya yi maka girma, ko ban gan ka ba na sani. Ka sayar da shi, ka yi hayar mai laushi wanda bai wuce santimita 155 ba, ka mai da ƙafafunka digiri 15 gaba, digiri 15 baya, wato tsayuwar agwagwa, kamar kowa, ka koyi tafiya da kowace ƙafa a gaba. Wanda bai cika huntu 3 a kan allo ba, ba shi da wani salo tukuna, kurakurai ne kawai da ya saba da su. Kuma da ka tambaye ni tun farko, da Innsbruck na ce ku zo, inda daga tsakiyar gari za ka hau jirgi da motar igiya zuwa Nordkette, iyali kuma su yi yawonsu a tsohon gari.

Maman Ilham, Lyon:

Baban Walid, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne layuka biyu kacal da ka ba baiwar Allah nan a cikin wannan dogon rubutu. Na san abin da ke jiran ta domin ya faru a kaina. Maigidana ya taɓa kai mu wani garin dutse da sunan hutu, ya ajiye ni da yara biyu a gidan shan shayi da ƙarfe 9 na safe, ya ce awa ɗaya zai yi, ban sake ganin sa ba sai bayan la'asar. Ma'aikatan wurin suna ta kallona domin na tare musu tebur, ƙaramar tana kuka saboda sanyi, ga shi ban san abin da zan ci ba. Ka gaya wa iyalinka tun yanzu cewa abincin tartiflette da ake yayi a yankin akwai naman alade a ciki, fondue kuma da giya ake narka cukunsa, raclette ma yawanci da yankakken naman alade ake kawo ta. Mu burodi da ƙwai muka wuni muna ci, kuma har yau idan aka tayar da maganar sai ya ce ai mun ga dusar ƙanƙara.

Ka kai ta Montenvers a jan jirgin ƙasan nan mai hawa dutse, tafiyar kamar minti 20 ce, ku ga kogin ƙanƙarar da ake kira Mer de Glace daga tsawon mita 1,913. Amma shekarar yaron nawa? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Damagaram, Annecy:

Ranka ya daɗe Injiniya, a kan Vallée Blanche ina bayanka, amma a kan tsayuwa ina da ja. Ƙafafu masu kallon gaba ba kuskure ba ne, ita ce tsayuwar masu yanka dusa da kaifin allo, domin tana buɗe ƙugu da kafaɗa zuwa inda aka dosa, allo mai tauri kuma shi ne yake riƙe kaifi idan gudu ya yi gudu. Tsayuwar agwagwa ta masu tsalle da juyi ce, shi kuwa ya ce ba tsalle yake so ba. Sannan ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ya sauya allo da maɗaurai yanzu, kwanakin nan 4 za su ƙare yana koyon tsayuwa.

Ɗan'uwa, ka sani Chamonix ba dunƙulallen wuri ba ne kamar Chamrousse, wuraren zamiyar a warwatse suke cikin kwari, sai ka haɗa da bas ko jirgi. Salonka a Le Tour zai fi kyau, can ƙarshen kwarin kusa da iyakar Suwizalan, inda gangaren ke da faɗi. Ranar da kake so ka haɗa da iyali kuma ka zaɓi Brévent, domin masu tafiya a ƙafa ma suna hawa motar igiya zuwa Planpraz, mita 2,000, inda rana take bugawa kuma Mont Blanc yana gabansu sosai, kai kana zagayowa kana leƙa su. Idan ka je Les Houches kada suna ya ruɗe ka, gangaren da ake kira La Verte, wato koriya, baƙi ne, a kansa ake tseren kofin duniya.

Abin da ya fi damuna shi ne inshora. Shekara 2 da suka wuce na faɗi a kan tafin hannuna, wuyan hannu ya karye, aka sauko da ni a kan abin jan majinyata. A Faransa ceto a kan gangare ba kyauta ba ne, ni kuwa na ƙi ƙara 'yan Yuro kaɗan na inshora lokacin sayen tikiti. Takardar kuɗin da ta biyo ni gida ta fi karayar ciwo, na yi wata 3 ina rubuce-rubuce da kamfanin katin bankina, a ƙarshe suka ce ba da katinsu na biya tikitin ba.

Baban Walid, Grenoble:

Na gode muku duka. Injiniya, da girmamawa, allon nan ba na sayarwa ba ne, na saba da shi, kuma ja nake sauka a Chamrousse, sau biyu ma na gwada baƙi. Abokan nawa sun taɓa bin Vallée Blanche ba tare da jagora ba suka dawo lafiya, sun kuma ce bin sawun mutane kawai ake yi. Hajiya Maman Ilham, ni ba haka nake ba, ai saboda ita na kama ɗakin a tsakiyar gari kusa da kogin Arve, wanda ya fi tsada. Yaron shekararsa 2 da wata 4. Shirina shi ne mu hau Aiguille du Midi gaba ɗaya, su shiga akwatin gilashin nan da ake tsayawa a kan sarari su yi hotuna, ni kuma in sauko da abokaina mu haɗu a gari. Har yanzu dai babu wanda ya amsa mini maganar rigar.

Injiniya, Innsbruck:

Zan amsa maka maganar rigar. Shadda auduga ce, faɗuwa ɗaya za ta sha ruwa ta daskare a jikinka kamar fata busasshiya. Riga mai tsawo kuma tana iya maƙalewa a kujerar igiya lokacin sauka, kujerar kuwa ba ta jiran kowa. Hula zanna ba ta tare kai daga dutse, hular kwano za ka sa. Idan hoto kake so, ka sa kayanka a gaban gunkin Balmat da Saussure, magabatan masu hawa Mont Blanc, a tsakiyar gari, ka yi hotonka ka cire. Sau biyu a kan baƙin gangare kuma ba ƙwarewa ba ce, sawun da kake cewa za ka bi wataƙila na wanda ya faɗa rami ne. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Maman Ilham, Lyon:

To shirin naka ya rushe tun daga ƙofa, domin ba a barin yaron da bai kai shekara 3 ba ya hau Aiguille du Midi. Cikin kamar minti 20 ake ɗaga mutum daga mita 1,035 zuwa sama da 3,800, manya ma jiri yana ɗibar su. Kuma a ce ma an bar su, kana nufin ka bar matar da ba ta jin Faransanci ta sauko ita kaɗai da goyo? Tsakiyar Fabrairu lokacin hutun makarantu ne, ko'ina layi ne. Taura biyu ba ta taunuwa, Baban Walid, ka zaɓi ɗaya.

Dakta, Kayseri:

Ni dai mamakin masu zuwa Chamonix nake yi alhali ga Erciyes a nan Turkiyya, dutse mai tsawon mita 3,917, akwai masallaci, abinci duk halal, Kapadokiya kuma tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Sau 3 ina gayyatar 'yan wannan zaure, kowa sai ya ce in sha Allah, ban ga ƙeyar ko mutum ɗaya ba. Game da riga kuwa, ni da jallabiya na yi hotona a kan allo, babu abin da ya same ni.

Ɗan Damagaram, Annecy:

Dakta, hoto a tsaye daban, sauka da gudu daban. Baban Walid, wane tikiti ka saya? Chamonix Le Pass bai haɗa da Les Houches da Aiguille du Midi ba, Mont Blanc Unlimited ne ya haɗa su har da Montenvers. Ni da zan raba maka, kwana 2 naka, kwana 2 na iyali, ɗaya ku ratsa ramin Mont Blanc, kilomita 11.6, ku ci abincin rana a Courmayeur ta Italiya, idan takardun zamanta sun fito.

Baban Walid, Grenoble:

Ban sayi tikiti ba tukuna, takardunta kuma ana kan aikinsu. Maganar shekarun yaro ban san da ita ba, zan duba ko akwai inda za a bar shi na rabin yini. Rigar kuma na tambayi telan ko za a iya rage mata tsawo daga nan, domin kuɗin ɗinki da na aiko ta ba kaɗan ba ne, kuma ina ganin idan na sa hular kwano a gangare na mai da zanna a wurin hoto, an rabu lafiya. Vallée Blanche ban ce zan je ba, ban kuma ce na fasa ba, zan ga yanayin ranar. Ɗan Damagaram, idan na ƙara kusurwar ƙafar baya daga 6 zuwa 9, kana ganin kaifin allon na ɓangaren dunduniya zai fi kamawa?

Maman Ilham, Lyon:

Ita Maman Walid ɗin, ka tambaye ta abin da take so ta gani?