Itos, fatos, logos: wace Hausa za mu ba yaranmu?

Jama'a assalamu alaikum. Taimako nake nema wurin masana Hausa da malaman zaure, musamman na nan Katsina da Daura.

Ina koyar da Hausa a wata sakandare cikin birni, kuma ni aka ɗora wa shirya yara gasar muhawara. Takardar da ake horar da masu muhawarar Turanci da ita tana ta nanata kalmomi uku: itos, fatos, logos, wai su ne "afil" ukun mai magana, wato "appeal" a Turance. Da na tambayi 'yan aji me suka gane, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba afil shi ne ɗaukaka ƙara ba?" Gaskiyarta. Afil ɗin da Bahaushe ya sani na kotu ne. Daga ranar na ƙudura ba zan ƙara ba yara kalmar da za su haddace ba su san cikinta ba.

Kalmomin na Girkanci ne. Aristotal, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo, ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya jera su a littafinsa na fasahar shawo kan jama'a da magana. Ya ce yardar mai saurare ta hanya uku take zuwa: ko dai daga halin mai magana (itos), ko daga halin da aka jefa zuciyar mai saurare (fatos), ko daga maganar kanta in ta nuna gaskiyar abin (logos). Don haka afil ɗin nan na maye gurbinsa da "hanyoyin shawo kai", ban ji wani ɗar ba.

Logos bai ba ni wahala ba: kafa hujja. Duk wanda ya zauna gaban malamin tauhidi ya ji ana cewa dalilin hankali.

Fatos na fara rubuta "ban tausayi", sai na goge. Tausayi ɗaya ne kawai cikin abubuwan da Aristotal ya lissafa; akwai fushi, tsoro, kunya, ƙauna, ƙiyayya, har da hassada. Ku tuna filin dambe lokacin da makaɗi ya saki taken ɗan wasa, 'yan ma'abba suna zuga shi, jikinsa ya ɗauki tsuma. Babu tausayi a wurin ko na sisin kwabo, amma an taɓa zuciya. Shi ya sa na zaɓi "motsa zuciya". Dama zuciya a Hausa tana ɗaukar duka, tunda mukan ce wane ya yi zuciya, mukan kuma ce zuciyarsa ta karaya.

Itos ne ya hana ni barci. Na gwada mutunci, ƙima, kwarjini, dattako, kowanne sai na ji ya bar wani abu a baya. Me kuka gani?

*

Bayan la'asar. Na gode ƙwarai, amsoshi sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mafi yawanku kun ce mutunci, wasu sun ce "mai faɗa a ji". Wata malama daga Daura ta rubuta: "Yaya, me ya sa za ka wahalar da kanka? Bahaushe mutum yake dubawa kafin magana. In dattijon unguwa ya ce a yi haƙuri, an yi. Wannan ai mutunci ne." Malama, kin yi gaskiya a kan yadda muke rayuwa, kuma ba ke kaɗai ba ce: Isokratis, wanda ya yi zamani da Aristotal a birnin Atina, shi ma ya ba sunan da mutum ya riga ya yi a gari muhimmanci. Amma Aristotal ya ja layi a daidai nan. Ya ce yardar da yake nufi dole ta fito daga cikin maganar da ake yi a lokacin, ba daga abin da aka riga aka sani game da mutumin ba. Mutunci da shi ake zuwa taro. Yarinyar da nake horarwa shekararta 15, alƙalan gasa ba su taɓa ganinta ba, ba su san gidan da ta fito ba. In na ce mata makaminta na farko mutunci ne, ta ina za ta fara cikin minti biyar?

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, wanda shi ya buɗe mini ido. Gab da wata babbar salla na je kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa neman ragon layya. Ban san kowa ba. Idona ya faɗa kan wani farin rago mai ƙaho, na fara tayawa. Dillalin, wani siririn mutum da sanda a hammata, sai ya tsuguna ya ɗaga ƙafar ragon ta baya ya ce, "Malam, duba nan. Yana ɗan ɗingishi, da safe ya fi nunawa. In na layya kake so, ni dai ba zan ba ka wannan ba." Ya ja ni gaba, ya buɗe bakin wani ya nuna mini haƙora, ya faɗi watanninsa, ya matsa gadon bayansa ya ce in taɓa in ji. Da ya faɗi kuɗi, ragin da na nema kaɗan ne. Minti goma kafin nan ban san da zamansa a duniya ba, ban san ko yana da mutunci a garinsu ba. A cikin maganarsa na yarda da shi.

Abin da ya ƙara ɗaure ni da wannan misali, Aristotal ya ce abu uku ke sa a yarda da mai magana: a ga yana da hankali da sanin abin da yake faɗa, a ga nagartacce ne, a kuma ga yana nufin mai saurare da alheri. Dillalin nan ya nuna sani da haƙoran rago, ya nuna nagarta da fallasa aibin hajarsa, ya nuna so da "ba zan ba ka wannan ba". Kwarjini bai kama ko ɗaya ba, don azzalumi ma yana da kwarjini. Dattako ya kama biyu, sai dai da an faɗe shi furfura ake hangowa.

*

Bayan isha'i. Wani dattijon malami da ke karantarwa a zaure wajen Gobarau ya sa ɗansa ya rubuto mini, kuma dole in tsaya a kan maganarsa.

Da farko ya gyara ni. A wata amsa na kira fannin nan duka "balaga". Ya ce balagar da suke karantawa a Uƙudul Juman na Suyuɗi da Jauharul Maknun na Akhdari kashi uku ce, ma'ani da bayani da badi'i, kuma ta fi karkata ga dacewar lafazi da kyawunsa. A nan ne kamantawa da siffantawa da sauran adon harshe suke da dangi. Littafin Arisɗo kuwa da Larabawa suka fassara shi Haɗaba suka kira shi, tushensu ɗaya da huɗuba, har Ibnu Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya yi masa sharhi. Allah gafarta Malam, na karɓa hannu biyu. Zan bar balaga a mazauninta, wannan fanni in kira shi fasahar shawo kai.

Sannan ya ce: "Ɗana, kalmar da kake nema aminci ce."

Tun ɗazu nake juya ta a baki. Aminci, amana, amini, amincewa, duk gida ɗaya. Amintacce shi ne wanda ba ya yi maka ƙarya, amini kuma shi ne mai son ka da alheri, ka ga biyu cikin ukun sun shigo kai tsaye. Na ukun ma bai yi nisa ba, domin ba ka amincewa da maganar likitan da ka ga bai san aikinsa ba. Abin da ya fi burge ni, tana da aikatau. Ba ka iya ce wa yaro "yi mutunci cikin minti biyar", amma kana iya ce masa "yi maganar da za a amince da kai", ya kuma san abin yi: kada ya ƙara gishiri a alƙaluma, ya faɗi inda abokin karawarsa ya yi gaskiya, ya gaida alƙalai yadda ya kamata, kada ya yi wa kowa habaici.

Wani ɗalibin jami'a ya yi ƙorafin cewa aminci yana nufin zaman lafiya ma, kamar a sallama, ya ce gara a ɗauki "sahihanci". Haka ne ƙanena, shi ya sa ba zan bar ta ita kaɗai ba. "Amincin mai magana" zan riƙa cewa. Shawararka ta "sahihanci" na ajiye ta wa labari da takarda, don mukan ce sahihin labari, da wuya ka ji an ce sahihin mutum.

Malamar Daura ta dawo ta ce har yanzu tana jin mutunci bai kamata a fitar da shi ba. Ban fitar ba, ƙanwata. Zan koya wa yara cewa wanda ya zo da mutunci ya zo da jari, sai dai ƙarya ɗaya a gaban taro tana iya cinye shi, kuma zan ware darasi guda a kan bambancinsa da aminci.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan rubuta a allo: hanyoyin shawo kai uku, amincin mai magana, motsa zuciya, kafa hujja. Zan sa yaran su yi muhawara a kan ko a hana ɗalibai zuwa makaranta da waya, kowa ya nuna mini inda ya bi da kowace hanya, in ji ko kalmomin sun zauna a bakinsu. Malaman Hausa da ke wasu makarantu, don Allah ku gwada a azuzuwanku ku faɗa mini yadda ta kaya.