Na rubuta lokacin ƙarya a takardar magani: in kai kaina ko in yi shiru?

Ɗaliba 'yar aji biyu:
Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Ina koyon aikin jinya a ɗakin maza na asibiti, kuma a dutin dare, wajen ƙarfe 3, na lura cewa allurar kashe ƙwayoyin cuta da ya kamata a yi wa wani majinyaci da ƙarfe 10 ba a yi ta ba. Ana yi masa ita ne bayan kowace awa 8. Na nuna wa sistar da nake ƙarƙashinta, ta tsaya a kaina na yi allurar, sannan ta ce in rubuta ƙarfe 10. Na rubuta na sa hannu, ita ma ta sa nata. Da ƙarfe 6 aka sake yi masa wata, tazarar awa 3 ke nan. Majinyacin yana samun sauƙi, amma ni kwana uku ban runtsa ba. Sistar nan ce za ta sa hannu a littafin shaidar koyon aikina nan da mako biyu. In faɗa wa malamar da ke duba mu daga makaranta, ko in ja bakina?

Nas mai shekara shida a aiki:
Ƙanwata, ɗalibi ba ya ba da magani shi kaɗai. Kafin ki taɓa sirinji ki tabbatar da abu biyar: majinyacin, maganin, adadinsa, hanyar ba da shi, da lokacinsa.

Ɗaliba 'yar aji biyu:
Na gode, Yaya, amma ai na ce tana tsaye a kaina. Rubutun ne damuwata.

Malamin makarantar jinya:
'Yata, makarar allura kuskure ne da ke samun kowa, kuma yana da hanyar gyara: a rubuta ainihin lokacin da aka yi ta da dalilin jinkiri, a sanar da likita domin ya duba ko za a matsar da ta gaba, a kuma cike takardar rahoton kuskure. Rubuta ƙarfe 10 ne ya hana a yi duk wannan, domin wadda ta yi allurar ƙarfe 6 ta yi aiki ne da abin da hannunki ya shaida. Ba ki da lasisi tukuna, saboda haka sistar ce hukumar rajistar ma'aikatan jinya za ta tuhuma, amma makaranta ke za ta tambaya, kuma "ce min aka yi" ba ya goge sa hannu. Ƙa'idojin ɗa'a na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, waɗanda aka fara amincewa da su a 1953 aka kuma sabunta a 2021, sun ɗora wa kowace nas nauyin aikinta a wuyanta. Ki je wurin malamarki gobe, kuma kada ki goge ko ki sauya komai a takardar.

Tsohuwar sista:
Malam ya faɗi abin da ke cikin littafi, ni kuwa bari in faɗi abin da ya same ni. Ina shekarar ƙarshe na ga an sa hannu cewa an sauya wa wata tsohuwa bandeji, alhali wanda na naɗa mata da hannuna kwana biyu baya ne a ƙafarta, har ya fara wari. Na kai magana ga malamata, ita kuwa ta kira sistar a gabana ta ce, "Ga abin da ɗalibarki ta ce." Daga ranar na zama 'yar tsegumi. Ba a sake kirana in ga ana saka robar fitsari ko ƙarin ruwa ba, sai wankin tasa da gyaran gado. A littafina aka rubuta cewa ba ni da ladabi, na maimaita zaman ɗakin nan na mako shida, abokan karatuna suka riga ni zana jarrabawa. Wadda ta yi ƙaryar kuwa ko takardar gargaɗi ba a ba ta ba, kuma bayan shekaru na haɗu da ita ta zama metiron, wato shugabar nas-nas. Ban ce ki yi shiru ba, amma wanda ya ce ki shiga rijiya, ki fara duba ko igiya na hannunsa.

Ɗalibi ɗan aji uku:
A wurinmu wata ta kai kanta a kan irin wannan, fom kawai ta cike aka yi mata nasiha.

Nas mai shekara shida a aiki:
A inda na yi karatu kuwa dakatarwar zango guda ce, domin ana lissafa shi a ƙaryar takarda. Ku tuna RaDonda Vaught, wata nas a Amurka, wadda ta yi wa majinyaciya allurar vecuronium (mai shanye tsokokin jiki) a maimakon Versed (mai kwantar da hankali) a 2017. Ita da kanta ta amsa kuskurenta, duk da haka kotu ta same ta da laifi a 2022.

Malamin makarantar jinya:
A can rai aka rasa, kuma ba a ɗaure ta ba, sakin talala na shekara 3 aka yi mata. Da ta ɓoye aka gano daga baya, da ba wanda zai tsaya mata.

Tsohuwar sista:
Malam, yaushe rabonka da dutin dare? Mai alli ba shi ne zai kwana da sistar nan har mako biyu ba.

Malamin makarantar jinya:
Shekara goma sha ɗaya na yi a gefen gado kafin in riƙe alli, Hajiya, kuma ni nake zama a kwamitin ladabtarwa ina ganin yadda ake kama irin wannan rubutu.

Wani nas na ɗakin gaggawa:
Ni dai na taɓa karɓar duti na tarar majinyata ashirin da biyu duk awon jininsu 120/80, zafin jikinsu 36.5, har da wanda aka sallama tun la'asar. Na ce lallai wannan ɗaki ya fi masu lafiya lafiya.

Nas mai shekara shida a aiki:
Abin dariya ne, amma a tambayi dalili. Sistar da ake magana a kanta, majinyata nawa ne a hannunta a daren? Idan mutum ɗaya ce da ɗaliba ɗaya a kan gado talatin, dole wata allura ta makara.

Ɗalibi ɗan aji uku:
Nan ne inda abin yake yi mini ciwo. An ce mun zo koyo ne, ba a cikin lissafin ma'aikata muke ba, amma sunayenmu ne ke cike gurbin jadawalin dare. Idan aiki ya yi kyau mu yara ne, idan ya ɓaci sai a ce ga sa hannunmu. A makon jiya an bar ni da makullin akwatin magani na awa biyu, kuma ban ga malamin makaranta ko sau ɗaya ba a wata guda.

Ɗaliba 'yar aji biyu:
Majinyata ashirin da takwas ne a daren, mu biyu. Malam, idan na je wurin malamata, zan iya roƙonta kada ta ambaci sunana, alhali sa hannuna ne a takardar?

Wani nas na ɗakin gaggawa:
Makullin akwatin magani kuma? Ɗan'uwa, har da na magungunan da ake ƙirgawa a kowane duti?