Neman shawara: 'Yata za ta tafi makarantar kwana, ƙaninta kuma zai shiga aji ɗaya

Mai neman shawara:
Iyayena da 'yan'uwana mata cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu. Ina zaune a Kafanchan, sana'ata ɗinki ce. Saura mako biyu a koma makaranta a wannan wata na Satumba, kuma bana abubuwa biyu ne suka haɗu mini: babbar 'yata mai shekara 11 za ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar kwana ta ikilisiya, ƙaninta mai shekara 6 kuma zai fara firamare. Kuɗin zangon farko mun biya da na kwashi adashi, kayan makarantarsu ma ni na ɗinka, saboda haka ba wannan ke hana ni barci ba. Abin da ke damuna shi ne, tun ranar da aka kawo takardar kayan da za a saya, yarinyar ta yi shiru, ba ta cin abinci sosai, kuma sau biyu ke nan tana fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara 6. Idan na tambaye ta sai ta ce ba kome. Mahaifinta ya ce in ta je za ta saba, amma hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in yi a kwanakin da suka rage?

Wata dattijuwa da ta daɗe tana kula da ɗakin kwanan 'yan mata:
'Yata, fara da asibiti. Idan yaro ya bar fitsarin kwance shekaru, sannan abin ya dawo, sau da yawa tsoro ne ko damuwa, amma ciwon mafitsara ko ciwon sukari ma suna kawo haka, kuma gwajin fitsari ne zai raba gardama. Kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki bari ƙannenta su ji.

Batun shirun da take yi kuwa, yarinya mai waɗannan shekaru ba ta cika amsa tambayar da aka yi mata ido cikin ido ba. Tun da ke mai ɗinki ce, ki zaunar da ita kusa da keke ku riƙa ɗinka sunanta a jikin riguna da zannuwan gado tare, kina ba ta labarin ranar da kika fara kwana nesa da mahaifiyarki. Hannu na aiki, baki zai buɗe da kansa. A shekarun da na yi ina wannan aiki, abubuwa uku na ga suna sa sababbin ɗalibai kuka da dare: tsoron manyan ɗalibai, ɓatan kaya, da zuwan jinin al'ada ga yarinyar da ba a taɓa yi mata bayani ba. Na ƙarshen nan ya fi ba ni tausayi, domin na sha tarar da yarinya ta ɓoye zanen gadonta tana zaton wata muguwar cuta ce ta kama ta. Ki yi mata bayani yanzu, ki sa audugar mata a akwatinta ko da ba ta fara ba.

Ranar da za ku kai ta, ki keɓe da mai kula da ɗakinsu ki faɗa mata gaskiya, ki roƙa a ba ta gadon ƙasa, ki kuma shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen. Gidan sauro dole ne, don ƙarshen damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne.

Matar wani fasto daga Jos:
'Yar'uwa, na goyi bayan abin da Mama ta faɗa. Ki tuna da Hannatu, wadda ta kai Sama'ila wurin Eli a Shilo yana ƙarami ƙwarai, amma 1 Sama'ila 2:19 ta nuna mana cewa kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ta miƙa shi ga Allah, duk da haka ba ta janye hannunta daga kansa ba. Ranar ziyara ita ce taki rigar, kuma ta farkon nan kada ki bari wani ɗinki ko biki ya hana ki zuwa. Ki saya mata Littafi Mai Tsarki nata na kanta, ku karanta Zabura 121 tare kowane dare kafin tafiyar, ku kuma tsai da lokaci guda da za ku riƙa yi wa juna addu'a, ke a gida, ita a can. Idan akwai ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda ta soma a Gindiri a 1957, ki ƙarfafa ta ta shiga. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki riƙa tuna mata wahalar da kuka sha kafin ku biya kuɗin, domin yaron da aka ɗora wa wannan nauyi yakan ɓoye abin da ke cutarsa don kada ya zama ya yi wa iyayensa asara.

Wata uwa mai 'ya'ya biyar:
Ku yi mini haƙuri, ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Ba kowane yaro ne ke iya zaman makarantar kwana yana shekara 11 ba. Na kai ɗana a irin wannan shekaru, ya rame, karatunsa ya koma baya, sai da na dawo da shi jeka-ka-dawo har shekara biyu kafin ya koma da ƙafarsa. Ku zauna da maigidanki tun yanzu ku yarda cewa idan zango ya ƙare yarinyar ba ta sake ba, dawo da ita gida ba abin kunya ba ne.

Malamar aji ɗaya:
Kowa ya bi yayar, an manta da ƙanin, alhali a mako guda zai rabu da wadda ya saba da ita, ya kuma shiga cikin baƙin fuskoki. Yaro mai shekara 6 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, don haka ki fara kwantar da shi da wuri tun daga yau. Ki koya masa cikakken sunansa, sunan mahaifinsa da unguwarku, da yadda zai nemi izinin zagayawa. Ki bi hanyar makarantar da shi kafin ranar, kuma kada kowa a gidan ya tsorata shi da bulalar malami.

Mai neman shawara:
Allah ya saka muku da alheri. Mun je asibiti, an gwada fitsarin, ba a sami kome ba. Jiya muna ɗinka sunanta a jikin tawul sai ta fashe da kuka, ta ce wata yarinyar maƙwabta ce ta gaya mata wai duk wadda ta jiƙa katifa, manyan ɗalibai kan sa ta fito da ita rana a gaban kowa. Na rungume ta, na yi mata alkawarin zan yi magana da mai kula da ɗakinsu tana tsaye. Mahaifinta ma ya amince mu duba yadda zangon farko zai kasance kafin mu yanke shawara. Mama, idan za ki yarda, ki faɗa mini kalmomin da kika saba fara bayanin al'ada da su, don gobe da yamma nake so mu zauna.