Muhawara: Maganin Kansa Mai Araha, Tanadi Ne Ko Ganganci?

Sista: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, na kuma san wasu ba za su yarda ba. A ganina bai dace mu riƙa ba dangin mai ciwon daji, wato kansa, shawarar su sayi maganin kemo (mai kashe ƙwayoyin ciwon) mai araha na kamfanonin Indiya ba. A nemi na kamfanin asali ko da za a sayar da gona. Araha ba ta ado. A 2025 an wallafa wani bincike da aka yi a Kamaru da Habasha da Kenya da Malawi, inda aka auna magungunan kansa irin su cisplatin, doxorubicin, cyclophosphamide da methotrexate. Kusan ɗaya cikin shida bai cika ƙa'ida ba: wani sinadarinsa ya gaza abin da aka rubuta a jikin kwalba, wani ya zarce. Idan ya gaza, ciwo na ci gaba ana zaton ana magani. Idan ya zarce, ya rushe jinin mutum. Kamaru kuwa maƙwabciyarmu ce, hanyar kaya ɗaya ce.

Famasis: Wa alaikumus salam, Sista. Binciken gaskiya ne, amma ba abin da kika ɗora a kansa yake nunawa ba. Magungunan da kika lissafa duk tsofaffi ne, wa'adin mallakar kamfanonin da suka ƙirƙiro su ya ƙare shekaru da dama da suka wuce. Cyclophosphamide tun ƙarshen shekarun 1950 yake, cisplatin tun 1978 aka amince da shi a Amurka. Yau ko a Ingila jenerik ake ɗaura wa mutane, wato wanda wani kamfani ya yi da sinadari iri ɗaya da awo iri ɗaya. In kin ce a nemo "na asali" na cisplatin a Kano, me za a kawo miki? Abin tambaya shi ne wane kamfani ya yi, ta wace hanya ya shigo, kuma a ina ya kwana kafin ya iso hannunki.

Kuma jabu ya fi bin mai tsada. Mai yin jabu ba zai wahalar da kansa a kan ƙwayar tamoxifen ba, ribar ba ta kai ba. Kwalbar da ake sayarwa da dubban ɗaruruwa yake kwaikwaya. NAFDAC ta sha fitar da sanarwar gargaɗi a kan jabun magungunan kansa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Sunan da ke jikin kwali ba ya kare kowa.

Dakta: Sista, Allah ya saka miki da alheri, damuwarki a wurinta take. Amma shawarar "a sayar da gona" ita ce ta fi ba ni tsoro, domin gona sau ɗaya ake sayar da ita, kemo kuwa zagaye-zagaye ne. Mu ɗauki sankarar mama. Tsarin da aka fi bi shi ne doxorubicin miligiram 60 da cyclophosphamide miligiram 600 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, duk kwana 21, sau huɗu, sannan paclitaxel sau huɗu. Zagaye takwas ke nan, kusan wata shida, ban da tiyata da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Iyalin da suka zuba duk abin hannunsu a zagaye biyu na farko, a na uku sai su ce a ɗaga musu mako biyu, a na huɗu su ce a rage awo, a na biyar ba za a sake ganinsu ba sai ƙari ya fashe.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1995 likitocin Milan ta ƙasar Italiya suka fitar da sakamakon bibiyar mata na shekara 20, ya nuna waɗanda suka sami aƙalla kashi 85 cikin 100 na awon da aka tsara musu su ne suka fi cin moriyar kemo, waɗanda aka rage wa sosai kuwa amfanin ya ragu ƙwarai. Dalili a fili yake: tsakanin zagaye da zagaye ƙwayoyin kansa da suka tsira suna sake hayayyafa. Kwana 21 ɗin an auna shi ne don ɓargo ya farfaɗo kafin ciwon ya farfaɗo. Haka sankarar bakin mahaifa: cisplatin miligiram 40 a kan murabba'in mita duk mako tare da gashi, kuma ana so a gama komai cikin mako takwas. Saboda haka ni na fi son jenerik mai rajista da za a iya saye sau takwas a kan lokaci, a kan mai suna da za a saya sau uku a tsaya.

Sista: Dakta, na ji, amma "mai rajista" ɗin nan fa? Lambar NAFDAC kowa na iya buga ta a kwali. Kuma ido ba ya gane kwalbar da sinadarinta bai cika ba, ruwa ne ja kamar kowanne.

Famasis: Gaskiyarki, ido ba ya ganewa, shi ya sa ake bin takarda da hanya. A duba lambar rajistar a kundin NAFDAC na intanet da ake kira Greenbook, a tabbatar sunan magani da kamfani da awo sun yi daidai da lambar, domin masu jabu kan ɗauko lambar wani magani daban su manna. A gwada lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin kwali da na jikin kwalba, dole su zama iri ɗaya. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar rukunin, saboda in wani abu ya faru a san inda za a bi. Kuma a saya a kantin maganin asibitin koyarwa ko wurin wakilin kamfani kai tsaye. Wanda ya ce yana da ɗan'uwa da zai sako masa a jaka daga waje a rabin kuɗi, a ba shi haƙuri.

Abin da ya fi jabu yawa a wurinmu ma shi ne zafi. Trastuzumab, filgrastim, vincristine da doxorubicin na ruwa duk suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Magani na ƙwarai da ya yini a but ɗin mota daga Legas a watan Afrilu ya tashi daga aiki, ko wane kamfani ne ya yi shi. In dole dangi ne za su ɗauko, to a kula mai ƙanƙara, a naɗe kwalbar da tsumma kada ta taɓa ƙanƙarar, domin daskarewa ma tana lalata shi.

Alhaji Dillali: Ranku ya daɗe, bari mu 'yan kasuwa mu sa baki. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,400 a 2024, kuma kusan duk maganin kansa shigo da shi ake yi. Wanda ya yi lissafin zagaye takwas da farashin yau, kafin ya kai na biyar lissafin ya rushe. Shawarata, in kuɗi ya samu, a biya wa zagaye da yawa lokaci guda a bar kayan a firjin asibiti da sunan majinyaci. Sannan ba duk ɗan kasuwa ne maha'inci ba. Tun da aka mayar da dillalan magani na kasuwar Sabon Gari ta Kano cibiyar Dangwauro a 2024, sa ido ya ƙaru.

Dakta: Alhaji, a biya gaba, na yarda, amma kada ya wuce zagaye biyu ko uku. Akan canza tsari in ciwo bai amsa ba, ko zuciya ko ƙoda ta nuna rauni, ko nauyin jiki ya sauka. Wanda ya tara na wata shida zai iya tashi da kayan da ba mai karɓa.

Kuma tanadi mafi girma ana yin sa ne tun kafin a sayi kwalba ko ɗaya. A sankarar mama, a yi gwajin tsokar da aka yanko a ga ER da PR da HER2, wato alamomin da ke jikin ƙwayoyin ciwon masu nuna irin maganin da zai yi aiki. Mutane kan ƙi gwajin saboda kuɗinsa, alhali shi ke hana asara. Tamoxifen miligiram 20 kullum na shekara 5 zuwa 10 yana da sauƙin kuɗi kuma yana ceton rai, amma ga wadda ciwonta ke da ER kawai. Trastuzumab kuwa, mai cinye gida, ba ya amfanar kowa sai mai HER2, kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida.

Famasis: Tun da an zo kan trastuzumab, ga lissafi. Awon farko miligiram 8 ne a kan kowane kilo, sauran 6 a kan kilo, duk mako uku, har shekara guda, kimanin sau 18. Mace mai kilo 60 tana buƙatar 480 a karon farko, 360 a sauran. Kwalbar miligiram 440 ce. In ana zubar da ragowa kowane zuwa, kwalba 19 za ta saya. Amma irin wannan kwalbar, in an dama ta da ruwanta na musamman mai hana ƙwayoyin cuta, tana kai kwana 28 a firji, zuwa na gaba kuwa kwana 21 ne. In aka ajiye ragowar aka fara da ita, 16 sun ishe ta. Sharaɗi: a ɗakin haɗa magani na asibiti, a rubuta suna da ranar damawa, firji mai wuta ba yankewa. Ƙaramar kwalba ta 150 ba a ajiye ta haka. Wata dabarar ita ce a haɗa masu magani iri ɗaya a rana ɗaya su raba kwalba.

Sista: To a nan ne nake da ja sosai. Trastuzumab ba sinadari ne da ake haɗawa kamar cisplatin ba, daga ƙwayoyin halitta masu rai ake samar da shi. Ba yadda za a yi na wani kamfani ya zama daidai da na farko ɗari bisa ɗari.

Dakta: Haka ne, Sista, shi ya sa ba a amincewa da irinsa sai an gwada shi a jikin majinyata an kwatanta da na asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance na farko a watan Disamban 2019. Wanda ya bi wannan hanya ina rubuta shi hankali kwance. Wanda ba a san wa ya tantance shi ba, ina tare da ke, a guje shi. Akwai ma hanyar rage tsawon lokaci: binciken PERSEPHONE na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2019 a kan mata sama da 4,000, ya nuna wata shida bai gaza wata 12 da wani abin a zo a gani ba, kuma ya fi sauƙi ga zuciya. Wani binciken Faransa bai kai ga tabbatar da haka ba, don haka shekara guda ce har yanzu ma'auni. Amma ga wadda ƙarfinta wata shida ne, gara a tsara shida a cika su da a fara 12 ana tsallake.

Ga maza masu sankarar furostet ma akwai zaɓi. Allurar goserelin miligiram 3.6 duk kwana 28, ko 10.8 duk mako 12, aikinta sauke sinadarin namiji da ciwon ke ci da shi. Ƙaramar tiyatar cire 'ya'yan maraina tana yin wannan aikin sau ɗaya, ba sauran sayen allura. Magana ce mai nauyi ga namiji, ba a tilasta wa kowa, amma haƙƙinsa ne a gaya masa, domin allurar da ake yi wata biyu a bar wata uku ba ta riƙe ciwo. Abiraterone kuma, awonsa miligiram 1,000 ne da cikin da ba komai, amma wani ƙaramin bincike na 2018 ya nuna 250 tare da karin kumallo marar maiƙo yana sauke PSA, ma'aunin jinin da ake bibiyar ciwon da shi, kwatankwacin haka, kuɗi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kada kowa ya yi wannan da kansa: abinci mai maiƙo kamar ƙosai yana ninka shigar maganin jiki, hanta da hawan jini sai an riƙa dubawa.

Malam na Ofishin Walwala: Ku yi haƙuri, kun daɗe kuna lissafin aljihun dangi kamar ba wata ƙofa. Akwai Asusun Tallafin Masu Kansa na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2021, na sankarar mama da bakin mahaifa da furostet. An fara da asibitoci shida, a Arewa akwai asibitin koyarwa na ABU Zariya, na tarayya da ke Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ba a ba mutum kuɗi a hannu. Likita ya tabbatar da ciwo da sakamakon gwajin tsoka, ofishinmu ya tantance halin iyali, kwamiti ya amince, sai a zuba kuɗin a asusun majinyaci a asibiti ana cira. Masu nema sun fi kuɗin yawa, don haka a cike takarda ranar da aka tabbatar da ciwo, kada a bari sai hannu ya bushe.

Akwai shirin sauƙaƙa farashin kemo da Ma'aikatar Lafiya ta ƙaddamar a 2019 tare da Clinton Health Access Initiative da ƙungiyar kansa ta Amurka, asibitin Malam Aminu Kano da na Zariya suna cikin na farko, ragin kan kai rabin kuɗi a wasu magunguna. Sista, wannan ya amsa rabin damuwarki, don kayan daga kamfani suke zuwa kai tsaye. Masu inshorar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, su tambayi tsarin raba kuɗi da kamfanin Roche: kamfani kashi 50, hukuma 30, majinyaci 20. Mai sankarar jini nau'in CML kuma, imatinib ana ba da shi kyauta ta hannun Max Foundation, cibiyar da aka daɗe da sani ita ce asibitin koyarwa na Ile-Ife. Kuɗin mota ne nasa.

Sista: Na sauko a kan tsofaffin magunguna, matuƙar daga kantin asibiti ko irin shirin da Malam ya ambata suka fito. A kan na kasuwa ina nan a kan bakata. Kuma tun da lissafi ake, a sa abin da ake mantawa: gwajin jini kafin kowane zagaye, ondansetron da dexamethasone na hana amai, kuɗin mota, da wani abu a gefe na gaggawa. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo fararen ƙwayoyin jini kan faɗi ƙasa. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakanin ba na farasitamol a gida ba ne, asibiti ake tafiya a daren, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take. Dangi su sayi ma'aunin zafin jiki tun ranar zagayen farko, su kuma karɓi lambar wayar ɗakin kemo kafin su bar asibiti.