Amfilifaya mai bawul: bes yana caɓewa idan na ƙara bolum, me zan canza a ciki?

Mai_Jita_Barnawa:

Salamu alaikum injiniyoyi. Amfilifayar jita ce Fender Deluxe Reverb, tsohon ƙira mai zanen AB763, wat 22, bawul (kwalbar gilashi mai ƙara ƙarfin sauti) 6V6 guda biyu, sifika ɗaya mai inci 12. Ta Amurka ce mai 120V, don haka da tiransifomar rage wuta take aiki. Matsala biyu gare ta. Idan bolum yana kan 2 ko 3 sautin sama yana da tsini har yana soke kunne. Idan kuma ya wuce 5, tsirkiya mai kauri sai ta caɓe kamar kunu, a riƙa jin "burr" kamar sifika ta yage, alhali an gwada wata sifikar bai sauya ba. Layi na biyu nake amfani da shi, mai ribab (amsa-kuwwar sauti). Na iya liƙi da dalma, ina da mita. Wane kafasita ko resista zan fara taɓawa? Ko in sayi sababbin bawul ne kawai?

Baba_Mai_Rediyo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye ƙarfen liƙi tukuna, ɗauko mita.

Da farko auna abin da tiransifomar ragewar take fitarwa a lokacin da amfilifayar take kunne. Yawancin waɗanda ake sayarwa daga 220 zuwa 110 suke, wato rabi. Idan wutar NEPA ta sauka zuwa 195V, kamar yadda takan yi da magariba a unguwanni da yawa, to 97V ko ƙasa da haka amfilifayarka take samu a maimakon 120. Da irin wannan wuta ko sabuwa fil ce za ta caɓe da wuri. Hanyar tabbatarwa ita ce wutar hita, wato zaren da ke ɗumama bawul: sa mita a kan AC tsakanin ƙafa ta 2 da ta 7 na soket ɗin 6V6. Ya kamata ka ga kusan 6.3V. Ƙasa da 5.7 ko sama da 6.9, gyara wutar kafin komai, da sitabilaiza mai mafitar 110 ko tiransifoma mai aƙalla 300VA. Ka kuma sani an naɗa tiransifomar ciki don 60Hz, tamu 50Hz ce, saboda haka za ta fi zafi a nan. Kada ka jingina bayan akwatin da bango.

Sannan maganar rai. Manyan kafasitocin da ke ƙarƙashin murfin ƙarfe a bayan shasi (farantin ƙarfen da aka ɗora kayan a kai) suna riƙe sama da 400V, kuma suna iya ci gaba da riƙewa bayan an zare filogi. Haɗa resista 100k mai wat 5 da wayoyi biyu masu bakin kada, ɗaya a jikin shasi, ɗaya a ƙafar + ta kafasitan, ka jira rabin minti, ka auna a kan DC. Sai ya sauka ƙasa da 10V za ka sa hannu. Ban yarda a yi shi da sukudireba ba, tartsatsin yana lahanta kafasitan. Idan za ka auna da wuta a jiki, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa. Kada ka taɓa kunna ta babu sifika a jone, tiransifomar fitarwa ce za ta ƙone. In igiyar wutar mai baki biyu ce, canza ta da mai uku, a ɗaure wayar at (ta ukun, mai kai wuta ƙasa) a shasi da noti, a cire kafasitan da ke kan makunnin "ground".

Injiniya_Kakuri:

Abin da Baba ya faɗa shi ne gaba. Idan wuta ta daidaita kuma matsalar tana nan, ga yadda nake ganin ta.

Tsinin da kake ji yana da sauƙi. A kan bolum na layi na biyu akwai ƙaramin kafasita 47pF tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya. Aikinsa ya bar sautin sama ya tsallake bolum ɗin. Idan bolum yana ƙasa, sauran sauti an danne shi amma na sama ya wuce abinsa, shi ya sa yake fin ƙarfi a kan 2 da 3, ya ɓace idan ka kai 7. Ɗaga ƙafarsa ɗaya kawai ka naɗe da tef. Kada ka yanke, wataƙila ka so mayar da shi.

Caɓewar bes ita ce mai dogon bayani. An tsara wannan amfilifaya ne a shekarun 1960 don sauti mai tsabta, saboda haka kowane mataki yana barin bes ya wuce gaba ɗaya, har wanda jita ba ta fitarwa. Tsirkiya mafi kauri 82Hz take. A bawul na biyu, wato V2, ƙafa ta 3 tana da resista 1.5k tare da kafasita 25µF. Lissafin shi ne 1 a raba da (6.28 × R × C), R resista, C kafasita, wanda ya ba da kusan 4Hz. Ma'ana daga 4Hz zuwa sama komai yana samun cikakken ƙarfi. Mayar da shi 1µF, lissafin ya koma 106Hz: ƙasa da nan ƙarfin ya ragu da kusan rabi, zuwa wajen 200Hz ya dawo cikakke. Kamfanin amfilifaya na Marshall sun yi irin wannan dabara a layinsu mai kaifi, da 2.7k da 0.68µF. Wanda yake ganin 1µF ya rage masa nauyi da yawa ya gwada 2.2µF ko 4.7µF. Wutar wurin ba ta kai 2V ba, don haka kafasita mai 25V ya wadatar. In mai + da − ne, − ɗin yana ɓangaren shasi.

A kula, ƙafa ta 3 na ce, ba ta 8 ba. Ƙafa ta 8 ta bawul na farko (V1) da ta V2 resista ɗaya suke rabawa, 820 ohm, don haka duk abin da ka yi a nan ya shafi layukan biyu.

Wuri na biyu, wanda a ganina shi ne ainihin tushen "burr" ɗin, shi ne kafasitoci biyu na 0.1µF da ke kai sauti daga bawul 12AT7 na ƙarshe zuwa girid ɗin 6V6, wato ƙafar da sauti ke shiga bawul. Idan sauti ya yi ƙarfi sosai, girid yakan fara jan wuta, wannan wutar ta cika kafasitan, bayas (wutar − da ke ƙayyade yawan wutar da bawul ke ja) ya ƙara nisa ta ɓangaren −, bawul ya kusa rufewa na ɗan lokaci. Sai cajin ya zube ta resista 220k kafin sauti ya dawo daidai. 0.1µF sau 220k ya ba da kashi 22 cikin dubu na daƙiƙa, kunne yana jin wannan giɓin sarai. Sa 0.022µF, lokacin ya sauka ƙasa da kashi 5, kuma yankan bes ɗin yana wajen 33Hz, nesa da inda jita take. Dole su zama biyu iri ɗaya, masu 600V ko 630V.

Nan mutane suke faɗawa rami. Lambar 223 da ke jikin kafasita ita ce 0.022µF, 473 ita ce 0.047, 104 ita ce 0.1. Amma ƙananan nan masu kama da ƙwayar magani da ake zubawa a tire a shagunan kayan rediyo, su ma 223 aka rubuta, yawancinsu kuwa 50V ne. Ka sa shi inda akwai sama da 150V, ya huje, wutar + ta shiga girid, cikin 6V6 ya yi ja wur kamar garwashi, ka rasa bawul ɗin, wataƙila har da tiransifoma. Nemi mai jikin leda wanda aka rubuta 630V ƙarara. Ana samun su a tsofaffin allunan talabijin da na UPS, sai dai a auna kafin a sa.

Ka yi canji ɗaya, ka rufe, ka kunna, ka saurara da jita ɗaya a ɗaki ɗaya, ka rubuta a takarda. Wanda ya canza abu huɗu a zama ɗaya ba zai san wanda ya gyara da wanda ya ɓata ba.

Ladi_Sabon_Tasha:

Oga Injiniya, na yarda da 0.022 ɗin, amma akwai abin da ba ya cin ko sisi. A wannan zanen maɓallan bes da tirebul suna nan daf da matakin farko, kafin duk inda sauti yake murɗewa. Don haka duk lokacin da bolum ya hau, bes ya sauka. Bolum 6, bes 2 ko 3. Da yawa suna barin bes a kan 6 saboda a ɗaki yana da daɗi, sai a filin biki ya watse musu. A wurin taro ma akwai mai jitar bes da mai kibod, su ke da wancan yankin.

Abu na biyu, wannan amfilifaya ba ta da maɓallin midil. Resista 6.8k aka liƙa a bayan maɓallin bes a madadinsa. Ɗaga shi zuwa 10k ko 15k, sautin tsakiya zai cika, jita ta fito a cikin ganguna ba tare da an ƙara bolum ba. Wannan ya fi mini duk wani canji amfani ga mai kiɗan taro.

Abin da ba zan ba shi shawara ba shi ne taɓa resista 820 ohm da ke dawowa daga jak ɗin sifika. Ana yawan cewa a ƙara shi zuwa 1.5k don sauti ya buɗe. Yana buɗewa, amma wannan layin ne yake riƙe sifika kada ta yi rawar da ba a sa ta ba. Mai kukan bes ya caɓe idan ya sassauta shi ƙara wa kansa ciwo ya yi.

Mai_Jita_Barnawa:

Na gode ƙwarai. Hita ta nuna 6.1V da rana. Na ɗaga 47pF, tsinin ya tafi. Saura maganar bawul, Baba: in na sa sababbin 6V6 sai na yi wani saiti? Kuma da hunturu tana ƙaraf-ƙaraf idan na juya bolum.

Baba_Mai_Rediyo:

6.1 ba laifi, amma sake aunawa da daddare, da kuma a kan janareta.

Ƙwarai, sai an saita bayas, ko da tsofaffin za ka bari. Ƙafa ta 8 ta kowane 6V6 tana haɗe da shasi. Cire wannan wayar ka sa resista 1 ohm mai 1% a tsakani. Yanzu duk milibolt ɗaya da mita ta nuna a kansa miliyam ɗaya ne. Auna ƙafa ta 3, za ka ga wajen 415V idan wuta ta cika. 6V6 yana ɗaukar wat 12 zuwa 14 gwargwadon ƙirarsa, ana kuma saita shi kada ya wuce kashi 70 cikin 100 idan ba a kaɗawa. Wat 8.4 a raba da 415 ya ba da 20mA, wat 9.8 ya ba da kusan 24mA. Juya ɗan maɓallin bayas har ka samu tsakanin 20 da 23, bolum a sifiri, bayan minti goma da kunnawa. Da zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu, da wutar da kan yi tsalle ba sallama, ni ƙasa-ƙasa nake so, 20 ko 21. Idan bawul biyun sun bambanta da fiye da 5mA, ba tagwaye ba ne, nemi waɗanda aka auna tare.

Tunda ka buɗe, auna resista 470 ohm da ke kan kowane soket zuwa ƙafa ta 4. Zafi yana dafa su, ƙimarsu ta hau ko su tsage. In sun wuce 520, canza da masu wat 2 ko 3.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin ƙurar hunturu ce a cikin bolum. Fesa maganin wanke kontak ta ramin da ke kusa da ƙafafunsa, juya shi sau ashirin. Ban da fetur, ban da man inji. Idan bayan wankewa bai daina ba, to DC ce take zubowa kansa: auna ƙafafun bolum ɗin, in ka ga ko rabin bolt, ɗaya daga cikin kafasitoci ukun nan na bes da tirebul, 250pF ko 0.1 ko 0.047, yana yoyo.

Kunnawar farko bayan kowane liƙi, yi ta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 da aka jera a kan layin wuta, tsakanin tiransifomar ragewa da amfilifaya. Ya yi haske ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske sosai, kashe nan take ka duba inda dalma ta ɗiga. Amma cire ƙwan kafin ka saita bayas, domin yana rage wutar, lissafinka zai fito ba daidai ba.