Sa Hannu Daban, Ɗaukar Kaya Daban

Malam Sabo: Jama'a, ga baitin buɗewa. Ailan ta sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2007, amma ba ta tabbatar da ita ba sai 2018. Amsa-amonmu "wa" ne.

Da sunan Allah nake farawa,
Kan batun Ailan nake tambayawa,
Ranar farko ta sa hannu ba tsayawa,
Shekara sha ɗaya kuma tana nonnoƙewa,
Duk Tarayyar Turai ta riga ta wucewa.

Hajara:
Malam, a yi mata adalci wajen faɗawa,
Ta ce sai ta share ɗaki kafin baƙo ya yi shigowa,
Dokar 1871 ce ke ta cizawa,
Ta kira mutum mahaukaci, kotu na riƙewa,
Kuɗinsa da shawararsa, shi ba ya taɓawa,
A 2015 aka yi sabuwa don musanyawa.

Ɗan Keke:
Yaya Hajara, shara ce ko kwanciyawa?
Sabuwar sai 2023 ta kama aiki da cikawa.
Ni da ke kan keke ina turawa,
Matakala uku a ƙofa ke tsare ni da shigewa,
Ƙarti biyu su ɗaga ni kamar buhu suna nishawa,
Ɗaya ya ce "sannu", ni kunya na kamawa.
Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ce a gyara hanyar hawa,
Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne na karɓawa.

Malam Sabo: "Kwanciyawa" ba Hausa ba ce, ɗana, amma na bar maka saboda baitin buhun.

Ko ba komai Ailan ta kai ga isowa,
Amurka fa? A 2012 Majalisar Dattawa ta je ƙirgawa,
61 da 38, kashi biyu cikin uku bai samuwa,
Tsohon sanata Bob Dole na zaune kan kekensa yana dubawa,
Har yau tana nan ba ta tabbatarwa.

Hajara:
Kurman Ailan ma ya ga canzawa,
A 2017 doka ta karɓi yarensa na nunawa.
Wanda ya tabbatar, Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba na jiran sanarwa,
Shekara biyu ya kai rahoto, kwamiti na tuhumawa.

Ɗan Keke:
Rahoton gwamnati ita ke rubutawa,
Mai ɗaki ba ya cewa ɗakinsa na zubawa.
Ƙaramar yarjejeniyar da ke ba ni damar kukawa,
In kai ƙara da kaina in gida ya ƙi saurarawa,
Ita ma sai 2024 Ailan ta yi sallamawa.
Malam, in "kukawa" ma ba Hausa ba ce, ka yi gyarawa,
Ni dai ina ƙofa, matakalar ba ta ragewa.